Gayyar Abdulrashid Da Ba A Buga Ganga Ba

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Bagwai, sunansa Abdulrashid. Magidanci ne, amma tun yana ƙarami ba ya iya kallon mutum ido cikin ido, ƙara kuwa ji yake kamar ana soka masa tsinke a kunne. A asibiti a Kano aka ce masa sunan abin autism, kuma halitta ce. Mutanen gari suka ce iskokai ne.

Ranar gayyar gonar Malam Kallamu, makaɗi Naziru ya zo daidai kan Abdulrashid ya narka gangar noma, wai yana zuga shi. Abdulrashid ya yar da garma, ya toshe kunne, ya bar gonar a guje.

Sarkin noma ya yanke hukunci: wanda ya yar da garma a gayyar wani, ba mai taka gonarsa. Ga damina ta zauna, ga ciyawa ta fara shaƙe masa gero, abincin iyalinsa na shekara.

Kawunsa ya ce, "Kai, ka je ka ce mutanen ɓoye ne suka buge ka. A tofa maka addu'a, a yafe maka, shi ke nan."

"Kawu, ba ni da aljani. Ba zan ara ba don a yi mini noma."

Washegari ya koma gonar Malam Kallamu shi kaɗai, ya nome rabon da ya bari tas. Da la'asar ya tsaya a dandali gaban dattawa, idonsa a ƙasa.

"Baba Sarkin noma, ban zo ba da haƙuri ba. Aikina na yi shi. Ganga ce ba na iyawa, kuma ba zan taɓa iyawa ba. Asabar gayyata. Mai zuwa ya zo ba kiɗa."

Sarkin noma ya yi tsaki. "Gayya ba ganga? Zaman makoki za mu je? Ka ɗago ka dube ni ma!"

"Da kunne nake jin ka, Baba."

Asabar da safe Sarkin noma bai zo ba, mutanen gari ma haka. Abdulrashid ya duƙa ya fara shi kaɗai. Can sai ga Malam Kallamu da 'ya'yansa. A bayansu ga Naziru makaɗi, garma a kafaɗa.

"Rabona da noma tun ina saurayi," in ji Naziru. "In na sare maka gero kar ka kai ni ƙara."

Kafin azahar an gama gonar.

Darasi: Wanda Allah Ya halitta daban ba sai ya ƙirƙiro wa kansa cuta ba kafin ku zauna da shi. Ku tambaye shi abin da yake iyawa, ku rage masa abin da ke cutar da shi. Ku tura wa 'yan uwa, akwai irin Abdulrashid a kowace unguwa.