Rabon Gadon Masu Rai

An ce wai a wani gari na bakin fadama an yi wata mata mai suna Tabawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu da lambun mangwaro. Lambun ya yi iyaka da na Malam Gwadabe, wanda shi ma matarsa ta rasu. Ya daɗe yana taya ta ban ruwa, har shingen da ke tsakaninsu ya zube, ba wanda ya damu ya tayar da shi. Daga baya ya nemi aurenta, ta amince.

Da ɗaurin aure ya matso, Tabawa ta ce tana so a fara rubuta abin da kowa zai shigo da shi, a kuma mayar da iyaka. Fuskar Gwadabe ta canja.

"Ni za ki ɗaure da takarda? Da nake shayar miki da itatuwa, rubutu na nema? In sai an rubuta, a fasa."

Tabawa ba ta son rasa shi, ba ta kuma son yin ganganci da haƙƙin marayu. Ta kai maganar gaban alƙalin garin. Ya kira su, ya ce kowa ya zo da babban ɗansa.

Da ya saurari kowa, sai ya ce, "Malam Gwadabe, ba zan tilasta maka rubutu ba. Abu ɗaya nake so. Kai da Tabawa ku koma jikin bango ku zauna. Daga yanzu har in sallame ku, kun rasu. Mamaci kuwa ba ya magana."

Ya juya ga samarin. "Allah ya jiƙan iyayenku. Za mu raba gado. Rijiyar tsakiyar lambu ta wa ce?"

Sallau, ɗan Gwadabe, ya ce, "Allah ya gafarta malam, ta Baba ce. Shi yake yashe ta duk rani."

Lurwanu, ɗan Tabawa, ya ce, "Mahaifina ya haƙa ta. Yasa ai ba haƙa ba ce."

Alƙali ya ce, "To layin mangwaron da ke gefenta fa?"

Sallau ya ce, "Namu ne, Baba ya yi musu aure da hannunsa, ya ɗaura musu rassan iri mai kyau."

Lurwanu ya ce, "A kan itatuwan wa? Ko taimako ya zama ciniki?"

Sallau ya miƙe tsaye. "Da ma an ce don lambunmu uwarka ta yarda da auren."

Tabawa ta ji maganar har cikin ƙashinta, amma ba ta motsa ba. Lurwanu ya yunƙura, sai da muhuti, mataimakin alƙali, ya shiga tsakaninsu.

Gwadabe ya ce, "Kai Sallau, rijiyar nan ai ba..."

"Mamaci ya yi shiru," in ji alƙali. Ya bar shi yana zufa na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, gaskiyar tana bakinka, na kuma ga kana son faɗarta. Yau ni na hana ka. Wata rana ƙasa ce za ta hana ka, ita kuwa ba ta sallamar kowa."

Gwadabe ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "A kawo tawada. A fara da rijiyar, ta marayu ce."

Aka rubuta, aka kafa iyaka, aka ɗaura aure.

Yarjejeniyar da aka rubuta kafin aure ba zargin abokin zama ba ce. Baki ne da ma'aurata ke ajiyewa, don ya yi magana ranar da nasu ya rufe.