Ukasha Mai Feshi da Ƙwaryar Nono

A Gwiwa, in ana maganar feshin wake, sunan Ukasha ake fara kira. Gwani ne, sai dai taurin kai kamar dutse. Ba ya rufe hanci, ba ya sa safar hannu. In bakin tankin feshi ya toshe, sai ya kai bakinsa ya hura. In ya taso daga gona ya shanye ƙwaryar nono, ya ce ya wanke ciki ke nan.

Wata rana Malam Sama'ilu, malamin gona, ya tarar da shi bayansa sharkaf da ruwan magani.

Ya ce, "Ukasha, abin nan a hankali yake cin mutum. Ta fata yake shiga, ta numfashi. Nono ba ya fitar da shi."

Ukasha ya yi dariya. "Haba Malam! Ka taɓa jin na faɗi? Abin da aka yi don tsutsa, ina ruwansa da ƙato kamata?"

Ma'auninsa ke nan: muddin ya dawo gida da ƙafafunsa, lafiya lau. Ciwon kai, ya ce rana ce. Jiri, ya ce yunwa ce.

Shekaru suka tura. Hannunsa ya fara rawa, ƙafafu suka kumbura. Matarsa Baraka ta kai shi asibiti a Kazaure, daga can aka tura su Kano. Likita ya ce ƙodarsa ta lalace, ba ta gyaruwa.

Ukasha ya ce, "Likita, to nonon da nake sha fa?"

Likita ya girgiza kai kawai.

Aka dawo da shi gida, abin tausayi, ko buta ba ya iya ɗauka. Dole gida ya ci abinci, sai ƙaninsa Musaddiƙ ya gaji tankin. Wata safiya Ukasha na kwance a zaure, ya hango shi yana gwada tankin a ƙofar gida. Bakin ya toshe, Musaddiƙ ya kai baki zai hura.

Ukasha ya yunƙura da kyar. "Kai, bari! Don Allah bari!"

Musaddiƙ ya hura, ya tofar, ya saɓa tanki. "Kada ka damu, Yaya. In na dawo zan sha nono, yadda ka koya mini."

Darasi: Ba duk guba ce ke kayar da mutum ranar da ya taɓa ta ba. Wata taruwa take yi a jiki shiru, sai ta gama ɓarna ta bayyana. Ka ji maganar masana tun kana da lafiya, ka tuna na bayanka aikinka suke kwaikwaya, ba nadamarka ba.