Kurege da Jarkokin Kumfa

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Yunwa ta ci Kurege har wutsiyarsa ta fara yi masa nauyi. Sai Bushiya mai masana'antar sabulu ta ce in ya shigo mata da jarkokin sinadarin kumfa daga ƙetaren kogi, buhun gyaɗa nasa ne. To, a shingen kwastan harajin sinadari ya fi kuɗin gyaɗar, amma magani da abinci kyauta suke wucewa.

Kurege ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ne ɗan ƙaramin da shinge ke gaisarwa."

Ya saka farar riga da tabarau, ya ɗauko jarkokin, ya tarar da Kura, jami'ar shingen, a bakin aiki tana susa.

"Mene ne a ciki?"

"Maganin ƙazwa ne, ranki ya daɗe. Juyo bayan."

Ya cuɗa ta sosai, daɗaɗɗen datti ya fita. Kura ta ji daɗi, ta ce lallai magani ne, ta riƙe jarka guda wai don bincike.

Da gari ya waye, Dorina ce a shingen, tana gyangyaɗi. Kurege ya zo da wasu jarkokin cikin shigar ɗan garuwa.

"Ruwan kogin nan naki ne, Hajiya. Ana biyan haraji a kan kayan gida?"

Ta ce a'a, ita ma ta riƙe jarka guda.

Da gari ya sake wayewa, wayon ya hau masa kai. Ya ɗaura zane, ya juye sinadarin a ƙwarya, ya taho yana rangwaɗa. Ashe an kawo sabon jami'i, Ɓauna, wanda ba ya dariya.

"Kindirmo ne, yallaɓai."

"Madalla. Fara sha mu gani."

Kurege ya rufe ido ya kurɓa.

"Shanye."

Ya shanye. Da ya buɗe baki zai ce akwai daɗi, sai kumfa ta ɓulɓulo ta baki ta hanci.

Kura da Dorina suka rugo, nan musu ya kaure. Kura ta rantse magani ne, Dorina ta ce ruwa ne, Ɓauna ya ce sinadari ne, kuma shi kansa Kuregen yanzu jarka ne, a kai shi sito. Abu ɗaya suka yarda da shi: a fara da duka.

Kumfa ta sa shi santsi, ya suɓuce ta ƙarƙashin shinge, ba kaya, ba gyaɗa, ga ƙulu a goshi. Daga nesa ya juyo yana gyatsa.

"Na cikin nan dai ya wuce, ban biya ko sisi ba!"

Ƙurunƙus, a kan kumfa ta tsaya.