Cinikin Gailian da Likita

A ƙauyenmu na gindin duwatsun Taihang an yi wata mata, Shen Gailian. Ko allura ba ta taɓa saya a farashin farko ba, kuma da haka take taƙama. Ciwon maƙoshi ne ya kashe mijinta, wannan da ke hana mutum haɗiya har ya bushe.

Wata shekara likitoci suka zo duba duk wanda ya haura arba'in. Sukan zura siririn bututu mai ido ta baki, su fesa maganin rini da ake kira aidin. Lafiyayyen nama ya rine, mai matsala ya ƙi. A maƙoshin Gailian wani wuri kamar farce ya tsaya fari.

Likitar, wata matashiya, ta ce, "Inna, bai zama ciwon daji ba tukuna. Ki zo asibiti cikin watan nan mu kankare shi ta bututun, babu yanka."

"Sai bayan girbin gero."

"Inna, nan fa ba kasuwa ba ce."

"To, sai bayan Sabuwar Shekara. Ƙara magana in ƙara wata."

Ta zaro busasshen burodi daga aljihu, ta gatsa, ta haɗiye ba ruwa. "Haka iyayenmu ke gwadawa. Ya wuce ko bai wuce ba?"

"Ranar da ya tsaya, Inna, mun makara."

Maƙwabcinta Tsoho Niu, shi ma an ga nasa, a makon ya tafi asibiti. Ta bi shi da tsiya: "Ragon maza! Likita sa'ar 'yar cikinka ta tsorata ka!"

"Yi dariyarki, matar yaya. Ni auren jikata nake son gani."

Girbi ya wuce, Sabuwar Shekara ta wuce, wani girbin ma ya wuce. Kullum da safe sai ta gwada burodinta. Ran nan loma ta tsaya mata a ƙirji. Ta kora da ruwa. Ruwan ya dawo.

Ta sami likitar, murya ƙasa-ƙasa: "'Yata, na sallama. Mu koma kan maganarki ta farko."

Likitar ta daɗe tana kallon hoton maƙoshin da aka ɗauka. "Inna, waccan maganar ta wuce."

Geron bai nuna ba aka binne ta. Tsoho Niu na cikin masu ɗaukar akwatin gawar.

Jama'a, ni ma ban iya sayen abu ba tayi ba, amma ciwo ba a yi masa tayi. In an gano shi tun bai hana ka cin abinci ba, a ranar ya fi araha. Kada ka jira maƙoshinka ya faɗa maka, don shi ne na ƙarshe da zai yi magana.