Maganin Bindigar Alhaji Jafaru

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba wanda zai tashi sai ya faɗi nasa hukuncin.

In dai Alhaji Jafaru mai shadda za ka tambaya, to, tun da aka fara haihuwa a bayan ƙasa ba a taɓa wulaƙanta uba kamar yadda aka wulaƙanta shi ba. Ba ɓarayi suka yi masa ba, ba mahassadan kasuwa ba. 'Ya'yan cikinsa ne su uku suka taru suka kunyata shi a idon duniya: ɗaya ta karya rantsuwa, ɗaya ta kira gadon kakansa da sunan boko, ɗaya kuwa reza ya sa masa. Shi fa, Jafaru! Mutumin da in ya shigo layin 'yan shadda ƙamshinsa ke riga sallamarsa isa. Mai gemun da furfura ba ta taɓa kwana a ciki ba, don tun tana hanya yake tarar ta da baƙin rini. Mai cewa rabonsa da asibiti tun ranar da aka yi masa lambar rigakafi yana goye.

A 'yan shekarun nan aka fara ganinsa da wata laya ta jar fata, rataye a wuya a ƙarƙashin 'yar ciki. Ya ce a tsohon akwatin mahaifinsa ya tsince ta, gadon kakansa ce, wani gawurtaccen maharbi da namun dawa ke gaisarwa. Maganin bindiga ne, in ji shi, ko an harba sai harsashi ya zama ruwa. Wanda ya kuskura ya buɗe ta kuwa, hannunsa zai shanye nan take.

Babbar 'yarsa Hindatu, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, masaniyar sinadarai ce a wani ɗakin gwaji. Da ta ji, murmushi ta yi ta ƙyale. Munzali na tsakiya mai walda ne, kuma shi ko Baba ya ce masa ga kada can yana tashi sama, ɗaga kai zai yi ya duba. Ya yarda ɗari bisa ɗari. Auta Kubura, mai ɗinki, sunkuyar da kai kawai ta yi.

Ranar da Alhaji zai tafi Umra, su ukun suka rako shi filin jirgi, suka tsaya a waje. Yana ratsa ƙofar bincike sai ta yi ƙara. Aka ce ya ciro abin wuyansa. Wani matashin jami'i ya goga ɗan ƙyalle a jikin layar, ya zura a bakin wata na'ura da ma'aikatan wurin ke kira mai sunsuna. Kafin Alhaji ya gama gyara hannun riga, na'ura ta yi kuka, fuskarta ta yi ja.

Jami'in ya ce, "Alhaji, mene ne a cikin wannan?"

A bayansa kan layi ga abokan tafiya, rabinsu 'yan kasuwarsu ne, duk sun zuba ido. Alhaji ya karkata hula, ya ɗaga murya yadda na can baya zai ji.

"Yaro, wannan ta girmi ubanka. Maganin bindiga ne."

Ashe yaron nan ɗan gidan maharba ne, kuma a garinsu in aka ce maganin bindiga, albarushi ake nufi, wanda ake ɗura wa bindigar toka. Na'ura ta ce abin fashewa, mai kaya ya ce albarushi da bakinsa, hoton na'urar haska kaya kuma ya nuna ƙarfe a ciki. Me ya rage? Aka shigar da Alhaji wani ɗaki aka rufe. Layar kuwa aka sa ta a bokitin yashi can bayan gini, ana jiran masu kwance bam su zo su tafi da ita daji su tarwatsa. Kafin nan ba mai taɓa ta.

Da farko faɗan Alhaji a kan rigarsa ne da aka yamutsa. Sai tsohon baƙonsa ya iso. Ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji, ciwon ya gangara hannun hagu, gumi ya wanke gemun har rini ya fara bin wuya. Hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa, ya tarar ba komai.

Ga abin da ke cikin layar: 'yar kwalba mai murfin ƙarfe, cike da ƙananan ƙwayoyin ciwon zuciya, irin waɗanda ake sawa a ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe. A wani gari can ya je ya ga likita don kada a gan shi, ya ɓare takardar jikin kwalbar, ya sa aka ɗinke ta cikin fata da ɓoyayyen baki. Kada ku yi saurin dariya. Lokacin da uwar yaran ke jinyar da ba ta tashi ba, ya ga yadda gidan ya koma: ana tafiya da sanɗa, ana magana ƙasa-ƙasa, ana kallonta kamar fasasshen tulu. Tun ran nan ya ƙudura ba wanda zai yi masa irin wannan kallon. Gara a ce masa mai asiri da a ce masa sannu.

Ya lallaɓa ya ce wa mai gadin ƙofa, "Magani ne... na asibiti."

Mai gadi ya ce, "Ɗazu na bindiga, yanzu na asibiti. An jima kuma na sauro ne, ko Alhaji?" Amma da ya ga idon mutumin ya juye, sai ya ruga ya faɗa. Aka kira motar asibiti, ita kuwa tana can tsakiyar gari, cunkoso ya riƙe ta.

Wani abokin tafiya ne ya leƙo waje ya gaya wa yaran.

Kubura ce ta fara motsawa. Ita kaɗai ta san sirrin, don wata rana ta kai masa rigar da ta gyara, ta same shi jingine da bango yana zura abin da ya ciro daga layar a ƙarƙashin harshe. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har yayyenta. Ta riƙe. Ita ce ke rage gishirin miyarsa a ɓoye, yana zagin mai gishirin kasuwa. Ita ce ta ce ɗakin sama ya yi zafi, ta sauko masa da gado ƙasa don ya huta da hawan bene. Yau sai ga yarinyar da ba a jin muryarta ta kama ƙarfen ƙofa tana ihu, har aka kai su gaban babban jami'in wurin. A nan, a kunnen 'yan kasuwa, ta faɗi abin da ta rantse ba za ta faɗa ba: Baba na da ciwon zuciya, kuma maganinsa ne a cikin bokitin can. Tana faɗa tana kuka, don ta san akwai kaffara a kanta, kuma wataƙila Baba ba zai ƙara kiran ta Auta ba. Babban jami'in ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Kowace 'ya haka za ta ce. Na'ura kuma ta ce abin fashewa."

Sai Hindatu ta matso. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mini fuskar na'urar. Da babbar irinta nake aiki, da ita muke gano ragowar maganin ƙwari a wake, da jabun magunguna." Ta duba, ta ga sunan da ya fito, sai ta dafe kai. Ta ce na'urar nan ba ganin ciki take yi ba, tsere take sawa. Tana gasa ɗan abin da ƙyalle ya kwaso har ya zama tururi, ta ɗora wa kowane ɓurɓushi cajin lantarki, sannan ta sake su cikin wani bututu, lantarki na jan su gaba, iska na turo su baya. Kamar a saki mutane a lungu ana iska: siriri mai 'yar shara zai riga mai babbar riga fita. Kowane sinadari da lokacin isowarsa, kuma da wannan lokacin ake gane shi. Wanda ya iso yau sunansa nitirogilisarin. Yana cikin nakiyar fasa dutse, gaskiya ne, amma shi ne kuma a cikin ƙwayar masu ciwon zuciya. A can dutse yake buɗewa, a nan jijiyar jini. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ta faɗi wanda ya zo, ba ta san aiken da ya kawo shi ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce nakiya ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, tana da 'yan rakiya, kuma mai haɗa ta yakan bar sawu a kayansa. A goge akwatinsa, da takalmi, da hula. Aka goge, na'ura ta yi shiru. Aka goge yatsun da yake ɗaukar ƙwaya da su, ta yi kuka, sunan nan dai guda, ba ɗan rakiya ko ɗaya. Babban jami'in ya sake duba fuskar na'urar. Ya ce, "Malama, na gane, kuma zuciyata ta karkata. Amma ilminki 'wataƙila' ya ce. Ba zan tura ɗan wani ya buɗe 'wataƙila' da hannunsa ba."

Munzali ya ce, "Yallaɓai, ba ɗan wani za ka tura ba. Ɗansa ne."

Ku sani fa, duk bayanin nan na bututu da iska, ko kalma ɗaya ba ta shiga kan Munzali ba. Tsoro biyu ne a kansa. In masu kaki ne da gaskiya, zai tarwatse. In Baba ne da gaskiya, hannu zai shanye, shi kuwa da hannun nan yake ci da iyalinsa. Baba kuma a wurinsa bai taɓa ƙarya ba. Da babban jami'in ya amince, ya karɓi reza, ya ce wa Hindatu, "Yaya, in ya shanye, ke da bokonki za ku riƙa ba ni tuwo a baki." Aka janye kowa, ya tafi bayan gini shi kaɗai, bindigogi na bin bayansa da kallo. Ya durƙusa gaban bokiti, ya yi kalmar shahada, ya ɓoye hannun dama a bayansa, ya sa na hagu, don in an yi asara a yi ta ƙarama. Ya tsaga fata. 'Yar kwalba ta gangaro kan yashi. Ya dubi hannunsa, ya motsa yatsu, sannan ya sure ta ya zuba a guje.

Aka zaunar da Alhaji, aka sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Sannu a hankali buhun siminti ya fara ɗagawa. Da motar asibiti ta iso, likita ya ce da an ƙara jinkiri, da wani zancen ake yi. Alhaji kuwa da ya buɗe ido, abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya taɓa mini hula?"

Jirgi dai ya tafi ya bar shi. Ya yi jinya ya warke, ya koma kasuwa ya tarar an sauya masa suna, daga bakin layi har ƙarshe sai "Alhaji Nakiya, ya ƙarfin jiki?" An hana shi kilishi. An hana shi man shanu. Sannun nan da ya guje wa, yanzu har yaran shago yi masa suke. Wannan ne zaluncin da yake kai ƙara a kansa duk inda ya zauna.

Daga baya likita ya ce zai iya zuwa Umrarsa, amma da sharaɗi: sai da ɗan rakiya. Kujera ɗaya ce kuma tak ta samu. Alhaji ya tara su ukun a tsakar gida, ya ci kwalliya kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya fara jero musu laifuffukansu ɗaya bayan ɗaya. Suna sauraro. Da ya zo kan reza, sai Munzali ya ɗaga hannun hagu yana juya shi a rana.

"Baba, har yau fa ina jira ya shanye."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya dubi ƙofar gida ko akwai mai jin su. Ya ce, "To, kakan nan namu dai... goro yake sayarwa. In ya ji ƙarar bindiga, sai an nemo shi a rumbu. Badukun bayan kasuwa ne ya ɗinka mini ita. Ni na sa aka ɗinka, ni na rataya, ni na buɗe baki a gaban yaron mutane. Shi ke nan, kun ji daɗi? Amma wallahi in na ji wannan a kasuwa, ba da ku nake ba." Ya juya kai gefe yana gyara hular da ba ta karkace ba, ya ƙara da cewa, "Allah ya yi muku albarka, ku duka." Kujerar kuwa har yau ya kasa cewa ta wane ce.

To, ga ta nan a gabanku. Da Kubura ta riƙe rantsuwarta, ba wanda zai san rai ne a cikin bokitin yashi. Da Hindatu ba ta iya karanta tseren da ke cikin na'ura ba, kukan Kubura kukan 'ya ne kawai, kuma ba mai barin kowa ya kusanci bokitin. Da Munzali bai miƙa hannunsa ba, da gaskiyar Auta da ilmin Yaya suna nan tsaye a bakin ƙofa har numfashi ya ƙare. Ɗaya ta sayar da yardar ubanta, ɗaya ta kawo abin da ta sani, ɗaya ya ba da hannun da yake ci da shi. Ku faɗa mini, wa Alhaji Jafaru zai zaunar kusa da shi a cikin jirgi?