Yadda Maɗaci Ya So Ya Yaye Gari Guda

Dalilin da ya sa maɗaci yake da ɗaci, kuma duk da haka ba a bar shi ya huta ba, ku matso ku ji. Kai mai yatsa a hanci, har da kai.

Da can ɓawon maɗaci ya fi rake zaƙi. Yara su ɓantara, awaki su gwaguya, har liman in zai wuce sai ya waiga hagu da dama ya yagi nasa ya cusa a aljihu. Maɗaci ya wayi gari tsirara daga gindi zuwa ƙirji, ganye ya fara zuba. Ya ga in aka ƙara damina ɗaya a haka, bushewa zai yi.

To akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, ita ke yaye yaran garin. Takan dama shuwaka da garahuni, uwa ta shafa a nono, yaro ya kama sau ɗaya ya saki har abada. Maɗaci ya roƙe ta ta yaye masa mutanen gari.

Ta ce ita dai ba ta taɓa yaye mai gemu ba, amma za ta gwada. Ta dama tulu guda ta shafe shi tas, ta ce bayan kwana uku za ta zo ta wanke.

Washegari aka kira ta wankan jego a wani ƙauye, ta share kwana arba'in. Da ta dawo ta sheƙa masa ruwa, ta lasa, ta tofar. Ta dirje shi da soso, ta lasa, ta tofar. Ɗaci ya riga ya gangara har saiwa.

"Gwaggo, yanzu yaya ke nan?"

"Ɗan nan, ba ka yaye su ba? Me kuma kake nema?"

Maɗaci ya rasa ko murna zai yi ko kuka. Ana nan sai ga Jatau masassaƙi ya dawo daga cin rani da ciwon ciki, bai ji labari ba. Ya ɓantara ya tauna, ido ya kawo ruwa, amma mutane na kallo, kunya ta sa ya haɗiye. Kafin la'asar ciki ya lafa. Ya shelanta wa gari magani ya samu. Ya kuma leƙa inda ya ɓantara, ya ga itace jawur, mai tauri, ko gara ba ta kusance shi ba. Ya koma gida ya ɗauko gatari, ya sare reshe ya yi turmi da kujera da ƙyauren ƙofa.

Maɗaci ya sake kiran Gwaggo Tabawa. Ya ce da yana da zaƙi haƙori kawai ake sa masa, yanzu da ɗaci har da gatari, to wane ne aka yaye? Ta ce wallahi ita ma abin ya ɗaure mata kai. Sannan ta zaro 'yar wuƙarta ta ɓantari na ciwon bayanta.

Shi ya sa har yau in kuka ga maɗaci a bakin hanya, gindinsa a sassaƙe yake, ya yi tsaye shiru yana lissafin inda ya yi kuskure. Bai gano ba tukuna.