Duwatsun Kabarin Perla

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ɗan tsibiri can tsakiyar teku, inda zafi ba ya sauƙi rani da damina. Sunansa Hamadi. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. A masallaci ma sahun baya yake tsayawa, kusa da takalma. Duk abin da ya mallaka 'yar gonar rogo ce ta gado. Amma ku riƙe wannan: tsibirin nan kusan dukansa dutse ne, ka kafta fartanya sau biyu sai ka ji ƙwal. Gonar Hamadi na cikin 'yan wuraren da ƙasa ke da zurfi.

To, a zamanin babban yaƙin nan na Turawa, sai jirgin ruwa ya sauke waɗansu baƙi. Yahudawa ne, 'yan gudun hijira. A ƙasarsu ana bin su gida-gida ana kashewa, ba don sun yi laifi ba, sai don asalinsu kawai. Sun je nan an ce ba wuri, sun je can an ce su ƙara gaba, har dai hukumar tsibirin ta zuba su a wani tsohon sito. Na ga wasunku sun fara gyara zama da na ce Yahudawa. Ku zauna daidai, ku saurara.

A cikinsu akwai wani dattijo tela, Mendel, da matarsa Perla. 'Ya'yansu uku ba su samu fita ba, kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wata takwas da zuwansu, Mendel ya fara tsintar harshen garin ke nan, zazzaɓi ya kayar da Perla. Ranar wata Juma'a da safe ta cika.

Ina za a binne ta? Maƙabartar Musulmi suka ce tasu ce. Ta Kirista suka ce tasu ce. Hukuma ta ce ga teku nan, a ɗaura mata dutse a saka. Yahudawan kuwa a al'adarsu rana na faɗuwa Asabar ta shiga, ba haƙa, ba binnewa.

Hamadi na dawowa daga masallaci ya tarar da dattijon zaune a bakin hanya, ya keta wuyan rigarsa, kamar yadda suke yi in an yi musu rasuwa. Mutane na ta ratse shi. Hamadi ya tsuguna.

"Baba, lafiya?"

"Matata ta mutu," in ji Mendel. "Sun ce teku. Ita tana tsoron teku. Ƙasa nake nema, tsawonta kawai."

Hamadi ya dubi rana, ta riga ta karkata. Ya ce, "Tashi, Baba. Ku ɗauko ta."

Ya shiga gona ya hau tuge rogon da sauransa wata biyu ya nuna. Matarsa Zuwaina ta fito da gudu.

"Maigida, me kake yi haka? Me za mu ci?"

"Abin da ya rage."

"A kan mutanen da ba addininmu ɗaya ba?"

"Zuwaina, wanda ya halicci mamaciyar shi ya halicce ki. Miƙo mini diga."

Ta miƙa masa tana ƙunƙuni, amma dai ta miƙa. Kafin rana ta faɗi an rufe Perla a ƙasa.

Kuna tsammani nan ne jarrabawar? A'a. Tana gaba.

Bayan kwanaki Hamadi ya ga ɗan dutse a kan kabarin. Washegari biyu. Ransa ya ɓaci, ya ce wato har jifan kabarin baƙuwa ake yi? Ya ɗauki tsintsiya ya share tsaf, ya zuba duwatsun a gindin gwanda, kan tarin waɗanda yake tsincewa a gona. Daga ranar, duk asuba in ya idar da salla sai ya je ya share. Bai gaya wa dattijon ba, don kada ya ƙara masa baƙin ciki.

Abin da bai sani ba, Mendel ne ke ajiye su. A wajensu, duk wanda ya ziyarci kabari yakan bar ɗan dutse, shaidar an zo, ba a manta ba. Kullum da yamma dattijon zai ajiye, gobe ya dawo ya tarar wayam. Kuma shi ya san yadda abin ya fara a ƙasarsu: da kaburbura aka fara kafin a zo kan masu rai. 'Yan uwansa suka ce, "Mai gonar ya yi nadama. Shuka zai yi a kanta." Mendel kuwa abinci ya daina shigar masa.

Wata safiya ya yi sammako, ya tarar da Hamadi duƙe da tsintsiya. Ya fizge ta, ya jefa masa a ƙirji.

"Kai ne! Ko matattu ma ba za ku bar mana ba? In ka fasa, ka faɗa mini a fuskata!"

Masu wucewa suka tsaya. Wani ya ce, "Ka gani ko, Hamadi? Ga sakayyarka nan."

Jama'a, ni da ku, me za mu ce? Na san mu. Cewa za mu yi, ni da gonata? Ni da rogona? Gori zai fara zuba tun daga digar da aka yi haƙa da ita. Hamadi kuwa, ransa ya sosu, kada ku ce bai ji zafi ba. Amma ya haɗiye, ya ce, "Baba, ban fasa ba. Me na ɓata?"

"Duwatsuna! Kowane ɗaya, zuwana ɗaya ne."

Kunya ta lulluɓe Hamadi. Wata guda yana share shaidar ziyarar mutum da tsintsiya, yana ganin alheri yake yi. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Na yi kuskure, Baba. Na ɗauka jifa ne. Ka yafe mini."

Ya tafi gindin gwanda ya ciko gaban rigarsa, ya zo ya jera a kan kabarin. Ya koma. Sahu bakwai ya yi, har tarin ya ƙare.

Mendel ya ce, "Ai sun fi nawa yawa."

"Ban iya bambanta naka da na gona ba. In rage?"

Dattijon ya daɗe yana kallon kabarin. Sannan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

"Bar su," in ji shi. "Wanda ya wuce zai ce tana da dangi."

To, ku saurara. Kyauta ba ta cika ranar da ka bayar ba, sai ranar da wanda ka bai wa ya ɓata maka rai, ka riƙe bakinka ba ka goranta masa ba. Kuma kada ka ce tunda niyyarka kyakkyawa ce ba sai ka tambaya ba. Hamadi da ya ba da gonarsa, shi ne kuma ya ce a yafe masa.

A garin nan akwai waɗanda rikici ya koro. Kun san inda suke kwana, ta ƙofar wurin kuka biyo kuka zo nan. Waninku ya taɓa tsugunawa ya ce, "Baba, lafiya?" Kada ku fara da tambayar ƙabilarsa ko addininsa. Ku tambaye shi abin da ya rasa, ku tsaya ku ji amsa.

Allah Ya sa mu zama masauki ga wanda ba shi da wurin zuwa, Ya kuma tsare bakinmu daga gori.